Sassaƙa Sauti Daga Itace: Yadda Ake Koyon Haɗa Mandolin da Hannu

A zamanin da masana'antun ƙasar Sin suke fitar da dubban mandolin a kowace shekara, a kan farashin da bai wuce na matsakaiciyar wayar hannu ba, akwai mutane a Amurka da Turai da Ostireliya da Jafan da suka gwammace su shafe watanni suna kankarar katako domin su haɗa guda ɗaya tak da hannunsu. Cikinsu akwai kafintoci da injiniyoyin da suka ajiye aiki, akwai makaɗan da aljihunsu bai kai ga abin da kunnensu yake so ba, akwai kuma matasan da suka ɗauki abin a matsayin sana'ar da za su ci abinci da ita.

Ɗakin aikin irin waɗannan mutane yakan kasance ƙarami, sau da yawa garejin mota ne ko ɗakin ƙarƙashin gida, inda ake jera faifan katako a kan kanta da ɗan tazara a tsakaninsu domin iska ta ratsa, a rataye na'urar auna damshin iska a bango, a ajiye tukunyar manne a kan wuta kaɗan-kaɗan. A kan teburi akwai zarto da magagari da samfefa da wuƙaƙen sassaƙa masu lanƙwasasshen baki, tare da ƙananan makankarai na tagulla waɗanda wasunsu ba su fi kan babban yatsa girma ba. Mafi yawan lokacin mai koyo a nan yake ƙarewa, yana cire ɓawon itace siriri, yana aunawa, yana ƙwanƙwasawa, yana saurare.

Abin kiɗan da kansa

Mandolin ƙaramin abin kiɗa ne na dangin molo, mai tsirkiya takwas na ƙarfe da aka jera biyu-biyu, ta yadda kowace tagwaye take ba da murya ɗaya, kuma ana saita muryoyin huɗu daidai da na gogen Turawa. Ana kaɗa shi da ɗan faifai da ake riƙewa tsakanin yatsu biyu, kuma da yake sautinsa ba ya daɗewa kafin ya mutu, makaɗa sukan yi ta maimaita bugu da sauri domin su ja murya ta yi tsawo.

Mai karatun da ya san garaya ko gurmi zai fi saurin gane inda wahalar take, domin a waɗannan fata ce aka ɗaure a bakin ƙoƙo ko sassaƙaƙƙen itace, kuma ita ce take karkarwa ta fitar da sauti idan tsirkiya ta motsa jakin da yake zaune a kanta. A mandolin kuwa katako ne yake yin aikin fatar, saboda haka dole a sirantar da shi har ya iya karkarwa, alhali tsirkiyoyin takwas suna jan jikin da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 80, wani kaso na wannan ƙarfi kuma yana danna jakin ƙasa a kan fuskar dare da rana. Idan fuskar ta yi kauri sautin yakan shaƙe, idan ta yi siranta da yawa sai ta lotsa ko ta tsage bayan 'yan shekaru, kuma dukkan ilimin wannan sana'a yana tsakanin waɗannan iyakoki biyu.

Daga Napoli zuwa Kalamazoo

Mandolin mai tagwayen tsirkiya huɗu ya samu siffarsa a birnin Napoli na Italiya a tsakiyar ƙarni na 18, inda gidan Vinaccia ya yi fice wajen haɗa shi, kuma ana danganta wa Pasquale Vinaccia sanya masa tsirkiyar baƙin ƙarfe a wajajen 1835. Irin na Napoli yana da zagayayyen baya mai zurfi, wanda ake haɗawa da siraran sassan katako da aka lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya a kan wani gungume mai siffar cikin abin kiɗan, kuma a masu tsada sassan sukan haura talatin. Gidan Calace, wanda aka kafa a 1825, yana nan yana wannan aiki a Napoli har yau, shi kuma Luigi Embergher ya kafa tasa hanyar a Roma.

Sauyi mai girma ya zo daga Amurka, a hannun Orville Gibson na garin Kalamazoo a jihar Michigan, wanda ya samu takardar mallakar fasaha a 1898 a kan mandolin da ake sassaƙa fuskarsa da bayansa daga katako mai kauri, su yi doro kamar na gogen Turawa. Kamfanin da aka kafa da sunansa a 1902 ya fitar da siffofi biyu da har yanzu su ne masu koyo suke zaɓa a tsakaninsu: samfurin A, mai sauƙin zagaye, da samfurin F, mai nannaɗaɗɗen ƙaho a kafaɗa da tsinaye a gefe.

A 1922 wani makaɗi kuma masanin sauti mai suna Lloyd Loar, wanda yake aiki a kamfanin, ya jagoranci fitar da samfurin F-5, wanda aka sauya masa ramin fitar sauti daga zagayayye ɗaya zuwa tsagu biyu irin na gogen Turawa, aka ƙara wa wuyansa tsawo, aka ɗaga allon yatsu daga kan fuskar domin kada ya hana ta motsi. Loar ya sa hannu a kan 'yan ɗaruruwa kawai kafin ya bar kamfanin a ƙarshen 1924, a daidai lokacin da yayin ƙungiyoyin makaɗan mandolin yake gushewa a Amurka, don haka ba su yi kasuwa ba a zamaninsu.

Abin da ya farfaɗo da sana'ar

Bill Monroe, wanda ake ɗauka a matsayin uban kiɗan bulugiras, wato wani salon kiɗan karkara na kudancin ƙasar Amurka, ya sayi tsohon F-5 mai ɗauke da sa hannun Loar na ranar 9 ga Yuli, 1923, a wani shagon aski a jihar Florida a shekarun 1940. Kaifin sautinsa, wanda yake iya ratsa ƙarar banjo da goge, ya zama ma'aunin da kowane makaɗin wannan salo yake nema. Da buƙata ta ƙaru a shekarun 1960 da 1970, tsofaffin na Loar suka yi ƙaranci da tsada, sababbin na masana'anta kuma ba su gamsar da makaɗa ba, sai ɗaiɗaikun masassaƙa suka fara auna tsofaffin suna kwaikwayonsu.

Daga wannan yunƙuri aka samu mutane irin su John Monteleone a New York, da Mike Kemnitzer a Michigan, da Stephen Gilchrist a Ostireliya, da Lynn Dudenbostel a Tennessee, waɗanda a yau ake sayen aikin hannunsu a kan dubban daloli masu yawa. Littafin da Roger Siminoff ya wallafa a shekarun 1970 a kan haɗa mandolin na bulugiras, wanda ya faɗaɗa a 2004, ya buɗe wa talakan mai sha'awa ƙofar da a da sai ma'aikacin masana'anta yake shiga, domin ya zo da zane mai cikakken girma da ma'aunin kowane sashe.

Zaɓen itace

Fuskar mandolin da itacen sifurus ake yin ta, wani itace na ƙasashen sanyi mai rashin nauyi amma mai tauri a tsawonsa, kuma an fi neman na tsaunukan Adirondack, da na Sitka daga gaɓar arewa maso yammacin Amurka, da na kwarin Fiemme a arewacin Italiya. Baya da gefe da wuya kuwa na itacen mepul ne, wanda ya fi nauyi da ƙarfi, allon yatsu da jaki kuma na eboni, baƙin itace mai taurin da tsirkiyar ƙarfe ba ta saurin cinye shi.

Ba a yanka gungumen yadda aka ga dama. Ana tsaga shi daga tsakiya zuwa ɓawo, ta yadda layukan shekarun itacen za su tsaya a miƙe a kaurin faifan, sa'an nan a raba yankin gida biyu a buɗe shi a manne gefe da gefe, domin ɓangaren dama da na hagu su zama iri ɗaya a tauri da kama. Ana barin katakon ya bushe na shekaru, kuma ana aiki a ɗakin da damshin iskarsa yake tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari, saboda itacen da aka manne a cikin laima yakan tsuke ya tsage idan ya shiga busasshiyar iska. Wannan ne ya sa jita ko mandolin da aka shigo da shi ƙasar Hausa yake buƙatar kulawa ta musamman a lokacin hunturu.

Sassaƙar fuska

A nan ne mai koyo yake rabuwa da kafinta na yau da kullum. Yana farawa da faifai mai kaurin kimanin santimita biyu da rabi, ya sassaƙa doron waje tukuna yana gwada shi da ma'aunan lanƙwasa da aka yanka daga zane, sa'an nan ya juya ya rarake cikin. Yawancin masassaƙa sukan huda ramuka marasa zurfi a cikin da na'urar huji da aka ƙayyade mata iyaka, domin su zama alamar inda wuƙa za ta tsaya, daga nan sai a koma ga ƙananan makankarai, a ƙarshe kuma ga faifan ƙarfe mai kaifin gefe wanda yake cire abin da bai fi ƙura kauri ba.

Kaurin fuskar ba ɗaya ba ne a ko'ina. A tsakiya, ƙarƙashin jaki, yakan kai milimita huɗu ko ɗan fiye, sa'an nan ya yi ta raguwa zuwa kusa da gefe, inda akwai wani ɗan kwari da ya zagaye fuskar wanda kaurinsa bai cika kai milimita uku ba, kuma wannan kwarin ne yake ba tsakiyar damar hawa da sauka. A ciki ana manna sanduna biyu na sifurus a tsawon fuskar, waɗanda suke tallafa mata, suke kuma rarraba karkarwar, su ma ana fere su kaɗan-kaɗan bayan an manna.

Matsalar da littafi ba ya iya warwarewa ita ce, faifai biyu da aka yanko daga itace iri ɗaya, har ma daga gungume ɗaya, sukan bambanta a nauyi da tauri, saboda haka lambar da ta dace da wannan tana iya zama kuskure ga wancan. Gogaggen masassaƙi yakan riƙe faifan da yatsu biyu kusa da kunnensa ya ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa, ya saurari yadda amon yake sauka yana buɗewa yayin da katakon yake raguwa, ya kuma danna tsakiyar da manyan yatsunsa ya ji yadda take ba da kai. Wasu sukan ɗaga faifan a gaban fitila mai ƙarfi, domin sifurus idan ya yi siranta haske yakan ratsa shi ja-ja, wuraren da suka fi kauri kuma su fito da duhu.

Sanin lokacin da za a ajiye wuƙa shi ne ainihin abin da ake koyo, kuma ba a samunsa sai an haɗa na farko an ɗaura masa tsirkiya an ji, an haɗa na biyu da na biyar an kwatanta. Shi ya sa masu hankali a cikin masu koyo suke rubuta nauyin kowane faifai da kaurinsa da amonsa a littafi, domin bayan shekaru su iya danganta abin da hannu ya yi da abin da kunne ya ji. Kusan kowane sabon shiga yakan bar fuskar da kauri saboda tsoro, wanda kuskure ne mai sauƙi idan aka kwatanta da kishiyarsa, tun da katakon da aka kankare ba ya komawa.

Gefe, wuya da lissafin matakai

Gefen jikin siraran faifan mepul ne masu kaurin kimanin milimita biyu, waɗanda ake ɗan jiƙawa a goga su a jikin bututun ƙarfe mai zafi har su lanƙwasa, kuma mepul mai zanen igiyar ruwa, wanda shi aka fi so saboda kyansa, shi ya fi saurin karyewa a wannan mataki. Ƙahon samfurin F da farin zaren ado da ake zagaya shi da shi suna cin lokaci mai yawa ba tare da sun ƙara wa sauti wani abin kirki ba, don haka malamai da dama suke ba mai koyo shawarar ya fara da samfurin A, ko ma da mai shimfiɗaɗɗiyar fuska.

Wuyan yana shiga jiki ta wata tsaga mai faɗin ciki da ƙuntataccen baki, wadda take riƙe shi ko da babu manne, kuma kusurwar da ya zauna a kai ita take ƙayyade tsayin jaki, saboda haka ƙaramin kuskure a nan yana ɓata aikin watanni. A cikin wuyan ana binne sandar ƙarfe mai noti, wadda ake ɗaurewa ko sassautawa domin ta hana shi lanƙwasa.

Matakai su ne 'yan ƙarafan da ake kafawa a kan allon yatsu domin su raba tsirkiya zuwa muryoyi, kuma wurarensu lissafi ne tsantsa: ana raba tsawon tsirkiya da 17.817 a samu mataki na farko, a raba abin da ya rage da wannan lamba a samu na biyu, haka har ƙarshe. A tsirkiya mai tsawon kimanin santimita 35, mataki na farko yana faɗawa kusa da santimita biyu, na goma sha biyu kuma a tsakiya daidai. Gajartar tsirkiyar ta sa kuskuren rabin milimita, wanda a babbar jita zai iya ɓuya, a mandolin kunne yana kama shi nan take.

Manne da shafe

Manyan masassaƙa da yawa har yanzu suna amfani da mannen da ake dafawa daga fatar dabbobi, wanda ake narkarwa a zafin kimanin digiri 60, yana kuma fara daskarewa cikin ƙasa da minti ɗaya ko biyu, abin da yake tilasta wa mai aiki ya gwada haɗin a bushe ya jera matsai a kusa kafin ya shafa. Falalarsa ita ce zafi da damshi suna sake shi, don haka mai gyara na gaba zai iya buɗe abin kiɗan ba tare da ya fasa shi ba. Muhimmancin gyara ya bayyana a 1985, lokacin da wani ya farfasa mandolin ɗin Monroe da ƙarfen murhu, Charlie Derrington na kamfanin Gibson ya yi watanni yana mayar da ɗaruruwan gutsattsari wurarensu har ya sake kaɗuwa.

Shafen ƙarshe ko dai na man sheƙi ne da ake gogawa da hannu, sau da yawa tare da shalak, wato ƙaron da wani ƙwaro yake fitarwa a bishiyoyin Indiya da Tailan, ko kuma na feshi irin na masana'anta. Kowanne aka zaɓa, ana so ya zama siriri, domin shafe mai kauri yana danne fuskar da aka sha wahalar sirantarwa. Ƙurar wasu itatuwa da tururin feshi suna cutar da huhu da fata, kuma wannan fanni ne da masu koyo a gida suka fi yin sakaci da shi.

Inda ake koyo da abin da ake samu

Tsohuwar hanyar zama a gaban maigida shekara da shekaru ta yi ƙaranci, saboda masassaƙi mai aiki shi kaɗai ba ya iya ɗaukar nauyin yaron da zai yi ta ɓata masa katako mai tsada. Abin da ya maye gurbinta ya haɗa da makarantu irin su Roberto-Venn a Phoenix ta jihar Arizona, wadda aka kafa a 1975, da ƙungiyar masu haɗa kayan kiɗa masu tsirkiya ta Amurka da aka kafa a 1972, wadda take wallafa mujalla da zane-zane, da kamfanoni irin su StewMac masu sayar da kayan aiki da sassan da aka riga aka fara sassaƙawa, da kuma bidiyoyin YouTube. A Kiremona ta Italiya akwai makarantar haɗa gogen Turawa tun 1938, kuma dabarun sassaƙar gogen Turawa su ne tushen na mandolin mai doro.

Bidiyo yana nuna yadda ake riƙe wuƙa, amma ba ya iya sa wa mai kallo faifai a hannu ya ji taurinsa, kuma wannan gibi ne na gaske da bai kamata a raina shi ba. Waɗanda suka yi nisa galibi sun cike shi ne ta hanyar gyara, kamar yadda Monteleone ya yi shekaru yana gyaran tsofaffin kayan kiɗa kafin sunansa ya fito, domin mai gyara yana ganin abin da shekara hamsin take yi wa kowace dabara. Gyaran ne kuma yake ciyar da yawancinsu, tun da F-5 guda yana iya cin sa'o'i ɗari biyu ko fiye, mai aiki shi kaɗai kuma da wuya ya wuce goma sha wani abu a shekara.

Inda masana suka saɓa

Saɓani mafi zafi a yau a kan injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta yake. Masu goyon bayansa suna cewa cire katakon farko aikin ƙarfi ne da yake lalata kafaɗa da wuyan hannu, kuma idan inji ya yi shi, masassaƙi zai adana ƙarfinsa domin milimita ta ƙarshe inda hukunci yake. Masu adawa suna ganin cewa hannu yana fara karantar itacen tun daga yankan farko. Ga gogagge maganar farko tana da ƙarfi, amma ga mai koyo ta biyu ta fi gaskiya, domin wanda bai taɓa rarake faifai daga farko ba bai san abin da zai nema a ƙarshe ba.

Akwai kuma saɓani a kan saita faifai zuwa wata takamaimiyar murya ta hanyar ƙwanƙwasawa, wanda Siminoff ya yi rubutu a kai yana kare shi, wasu kuma suke ganin tauri da nauyi sun fi zama abin dogaro. Haka nan ana muhawara a kan ko tsofaffin kayan kiɗa sun fi sababbi da gaske. Binciken Claudia Fritz da Joseph Curtin da aka wallafa a 2012, wanda aka yi a kan gogen Turawa, ya nuna cewa makaɗan da aka tare wa gani ba su iya rarrabe tsofaffin na Italiya da sababbi masu kyau yadda ake zato ba, sakamakon da ya ƙarfafa wa masassaƙan zamani gwiwa.

Itacen Kamaru da dokokin ciniki

Eboni, wanda ɗan'uwan kanya ne a dangin itatuwa, yana fitowa ne a yau galibi daga dazuzzukan Kamaru da maƙwabtanta, kuma yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya isa sara. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da Madinter na Sifen suka sayi injin yankan katako na Crelicam a Yawunde, inda Bob Taylor na kamfanin Taylor ya bayyana cewa masu sara sukan bar mafi yawan bishiyoyin da suka kayar a daji, saboda cikinsu yana da ratsin fari alhali kasuwa baƙi wuluk take so. Tun daga nan aka fara sayar da mai ratsin, aka kuma shiga dashen sababbi a ƙauyukan da suke kewaye da gandun dajin Dja.

Dokoki ma sun tsananta. An yi wa cinikin jan katakon Barazil tsattsauran takunkumi a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da suke fuskantar ƙarewa, tun 1992, a 2017 aka sanya sauran danginsa a ƙarƙashin izini, kafin a sassauta wa kayan kiɗan da aka gama haɗawa a 2019. A 2012 kamfanin Gibson ya biya tarar dala dubu 300 a kan shigo da eboni daga Madagaska. Mai koyo a yau dole ya riƙe takardun asalin katakonsa idan yana fatan sayarwa a ƙetare, kuma da yawa daga cikinsu sun koma gwada itatuwan yankunansu, irin su gyaɗar Turawa da ceri da bac, wanda kamfanin Gibson kansa ya yi amfani da shi a bayan mandolin masu yawa a farkon ƙarni na 20.